Sifirin Malamin Haraji

Rogo tana can ƙarshen ƙasar Kano, yamma maso kudu, inda ta yi iyaka da ƙasar Zazzau da ta Katsina. Ƙasa ce mai albarkar noma, masara da dawa da damina, rake da tumatir a fadama. Karaye tana arewa da ita, kuma tun shekarar 2024 ƙananan hukumomin nan biyu su ne masarautar Karaye. To, a cikin garin Rogo akwai wani dattijo wanda ya ba saba'in baya, ba a kiransa da sunansa na yanka, sai dai a ce Malamin Haraji, ko da ya ke rabonsa da karɓar haraji tun 1979, sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya kashe haraji da jangali a Jihar Kano. Aikin ya tafi ya bar shi da suna.

Ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya yi firamare, sa'an nan ya shiga aikin En'e a ƙarshen zamaninta, yana bin dagatai ƙauye ƙauye da littafin rasit a cikin gafaka. Da fam da sule da kwabo ya koyi lissafi, watau kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, kowane da layinsa a takarda. Ranar kai kuɗi gaban Hakimi kuwa, in kwabo ɗaya ya ɓace, ba a tambayar inda ya faɗi, daga albashin malami a ke cika shi. Da aka kawo naira ran 1 ga Janairu 1973, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, sai ya riƙa cewa ai yanzu lissafi ya zama wasan yara, tun da kome goma goma ne. Bai tara dukiya ba. Abin da ya tara guda ne, shi ne cewa tun da ya fara riƙon alƙalami ba a taɓa kama littafinsa da ragi ko ƙari ba. Saboda wannan shaida har ya tsufa ba a bar shi ya huta ba: masu adashi, da masu rabon gado, da 'yan kasuwar da ba su amince wa juna ba, duka zaurensa su ke zuwa.

Da kakar 2024 wani attajiri na kasuwar Dawanau ta Kano ya aiko da kuɗi a saya masa masara. 'Yan kasuwa huɗu suka haɗu suna bin kasuwannin ƙauye suna awo, kuma da ya ke ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya riƙe littafi, suka ɗanƙa wa Malamin Haraji. Da aka gama tarawa aka sami buhu 2,400, aka kuwa daidaita kuɗin kowane buhu, har da ɗinki da dako, a kan naira 52,000. Wakilin Alhaji ya zo daga Kano don a yi lissafi a sallami kowa. Aka cika zaure, 'yan dako suna tsattsaye a bakin ƙofa suna jiran nasu.

Malam ya jawo takarda, ya yi yadda ya saba yi tun yana saurayi. In adadi yana da sifiri a baya, ba ya shiga da su cikin ninki, ya kan tuɓe su ya ajiye gefe kamar takalma a ƙofar zaure. Ya ɗauki 24 sau 52, ya sami 1,248. Ya waiwayi sifirin da ya ajiye, biyu na buhu, uku na kuɗi, biyar ke nan, ya mayar da su. Ya rubuta 124,800,000, ya ce, “Naira miliyan ɗari da ashirin da huɗu, da dubu ɗari takwas.”

Akwai jikansa a wurin, yaro ɗan sakandare, yana riƙe da ƙaramin injin lissafin nan na masu kanti da a ke kira kalkuleta. Irin wasan jika da kaka, ya ce, “Tsoho, bari mu gani ko idon nan bai gaji ba.” Ya danna 2,400, ya danna alamar ninki, ya danna 52,000. Sai ga abin da ya fito a tagar na'ura: 1.2480000, da harafin E a gefe. Ya sake dannawa, maɓallai suka ƙi motsi. Wakilin Alhaji ya karɓa, bai kula da ɗan ɗigon da ke bayan 1 ba, ya bi lambobi da yatsa yana ƙirgawa, ya ɗaga kai ya ce, “Miliyan goma sha biyu da dubu ɗari huɗu da tamanin. Baba, ai ka ƙara sifiri.”

Zaure ya yi tsit. Maganar ba ta kai ko'ina ba, gama nan da nan ɗaya daga cikin 'yan kasuwan ya ce haba, ai buhu dubu kaɗai miliyan 52 ne, ina za a ce dubu biyu da ɗari huɗu miliyan sha biyu? Wani ya zaro waya ya buga, ta ba da 124,800,000 daidai da na takarda. Wakili ya sunkuya ya ce, “Baba, a yi haƙuri, na'ura ce ta ruɗe ni.” Yaro ya ce ai ta lalace, wannan E alamar kuskure ce. Aka yi dariya, aka biya kowa, aka watse.

Amma Malam bai yi barcin kirki ba a daren. An ce da shi ya ƙara sifiri a cikin zaurensa, gaban 'yan dako, kuma sifirin nan guda ɗaya nauyinsa naira 112,320,000 ne. Da maganar ta tsaya, da sunan ɓarawo ya ke kwana da shi. An wanke shi, gaskiya ne, amma wata na'ura ce ta wanke shi daga ƙazafin 'yar'uwarta, ba wanda ya dubi takardarsa. Abin da ya fi wannan tsaya masa a rai kuwa shi ne lambobin da suka fito. Ɗaya, biyu, huɗu, takwas: ai nasa ne, ba ko ɗaya da ta saɓa. Abin da ya lalace ba ya kawo amsa daidai har gida huɗu. Ashe na'urar nan wata magana ta yi, duk zauren ba wanda ya ji harshenta, har da shi.

Bayan kwana uku ya sa kalkuletar a aljihu ya hau mota ya nufi Karaye, wurin ɗan ƙanwarsa wanda ke koyar da lissafi a makarantar sakandare. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka kawo fura. Sa'an nan ya fito da ita ya ajiye a tabarma, ya ba da labari, ya ce, “Malam, yau ni ne almajiri. Gaya mini abin da ta ce.”

Malamin makaranta ya ce, “Kawu, ƙirga mini gidajen tagar nan.” Ya danna tara ya yi ta dannawa har ta ƙi karɓa. Dattijo ya ƙirga, ya sami takwas: 99,999,999. “To, nan ƙarfinta ya ƙare. Amsarka gida tara gare ta. Baƙi tara ne suka zo, buzu takwas. Ba ta da inda za ta zaunar da na tara, sai ta nuna maka na gaba, ta sa ɗigo, ma'ana ka ja ɗigon nan gida takwas zuwa dama, ka sami adadinka. Ta kuma kulle maɓallanta don kada a ci gaba da gini a kan abin da bai cika ba. E ɗin nan farkon kalmar Turanci ce mai nufin kuskure, shi ya sa yara ke cewa ta lalace, alhali kuwa lissafinta daidai ya ke, wuri ne ya yi mata kaɗan.”

Dattijo ya ɗauki alƙalami ya rubuta 1.248, ya ɗora bakinsa kan ɗigo yana tafiya da shi dama: biyu, huɗu, takwas, gida uku ke nan, saura biyar, ya cike su da sifiri. Ga 124,800,000 ta fito. Ya daɗe yana dubanta.

Mai karatu ya lura, na'urar ba ta canja ba, kuɗi ne suka canja. Sa'ad da aka kawo naira, takarda mafi girma ita ce ta naira goma. Ta naira dubu sai 2005 ta fito, a 2024 kuwa dalar Amurka guda ta haura naira 1,500. Zamanin da Malam ke yawon haraji, taga mai gida takwas ta ishi kuɗin gunduma duka, har da sauran wuri. Yanzu ga masarar mutum ɗaya ta cika ta ta tumbatsa.

Da la'asar ta yi sanyi suka taka zuwa bakin madatsar ruwa ta Chalawa, wadda aka gama ginawa a ƙasar Karaye a 1992. Malamin makaranta ya riƙo wata kalkuleta dabam, irin ta 'yan makaranta mai yawan maɓallai. Ya ce wannan gida goma gare ta, kuma can ƙarshen dama akwai wasu 'yan ƙananan gidaje biyu, su ne suka raba ta da ta kanti. Ya nuna ruwa ya ce, in tafkin nan ya cika yana ɗaukar abin da ya haura ma'auni miliyan 900, kowane ma'auni mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, watau lita 1,000, ko kuwa duro biyar. Ya buga 900,000,000 sau 1,000. Wannan ba ta kulle ba, ba ta yi gardama ba. Ta nuna 9, da alamar ×10, da 'yar ƙaramar 11 a ɗage.

“Kawu, ga yadda a ke karanta shi. Babbar lambar nan ita ce kai. Ƙaramar kuwa tana gaya maka gida nawa ke bin kan a baya. Tara, da gida goma sha ɗaya: 900,000,000,000. Lita biliyan ɗari tara. In kan yana da ɗigo, daga ɗigon a ke fara ƙirga gidajen, kamar yadda ka yi ɗazu. Kuma ka'idarsu ita ce kullum lamba ɗaya tak ke gaban ɗigo.” Ya raba amsar gida 200 don a san duro nawa ne, sai ta koma rubutu irin na kowa, 4500000000, domin duro biliyan huɗu da rabi gida goma ne cif, sun sami wurin zama. Ya kuma buga kuɗin kasafin Gwamnatin Tarayya wanda aka sa wa hannu ran 1 ga Janairu 2024, kimanin naira tiriliyan 28.7, ta nuna 2.87 × 10¹³.

Dattijo ya zauna a kan wani dutse, ya yi shiru, can sai ya fashe da dariya. Ya ce, “Ashe maganar kasuwa ce ta ke yi!”

Gaskiyarsa kuwa. Je ka kasuwar hatsi ka tambayi kuɗin buhu, mai kaya zai ce maka hamsin da biyu, ba zai ɓata bakinsa da faɗin dubu ba, kai ma ba za ka miƙa masa naira hamsin da biyu ba. Ya faɗi kai, ya bar maka gida, don ku biyu kun san gidan da a ke ciki. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zamanin wuri, in ɗan kasuwa ya ce alfyan, dubu biyu ya ke nufi. In ya ce arba, dubu huɗu. Hamsa a bakin Balarabe biyar ce, amma a kasuwar Kurmi dubu biyar ce. Daga nan a shiga zambar goma, zambar ashirin, ita zambar ashirin kuma a ɗinke ta cikin tabarma a kira ta keso, a daina ƙirga wuri a koma ƙirga keso. Dole ce ta sa su haka, don wuri kuɗi ne marar ƙarfi, ciniki kaɗan sai adadi ya yi tsawo. Bature Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya iske liyarin azurfa guda wuri 2,500 ne, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba. Wane ne zai zauna ya ƙirga wannan biyar biyar? Bakano sai ya ce keso 15,000. Kalkuleta mai ƙaramar taga da za ta ce 3 × 10⁸. Bambancinsu kaɗan ne. Keso girmansa ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma na'ura tana ɗinka keson da ya dace da kowane adadi, sa'an nan ta rubuta girmansa a jiki.

Malamin makaranta ya ce, “Kai ma, Kawu, shekara hamsin ke nan kana yin wannan. Sifirin da ka ke tuɓewa a ƙofar zaure ka ƙirga su, su ne ƙaramar lambar nan. Kai ka ce 1,248 da sifiri biyar. Ita za ta ce 1.248 da gida takwas. Ta ƙara matsawa da ɗigo gida uku, ta ƙara uku a kan biyar ɗinka.”

Ya ci gaba ya ce, a waya da kwamfuta ba a cika ɗaga lamba sama ba, sai su rubuta 9E11, ko 2.87E13. Wannan E ɗin dabam ya ke da na kanti, farkon wata kalma ce mai nufin ƙaramar lambar nan ta sama. Ya samo asali daga kwamfutocin farko na wajen 1950 da wani abu, waɗanda ba su iya buga rubutu sai a kan layi ɗaya. Harafi guda, ma'ana biyu: ɗaya yana cewa wuri ya ƙare, ɗaya yana cewa ga yawan gidaje. Ganin harafi tsakiyar lambobi bai ba dattijo mamaki ba ko kaɗan, shi da ya taso hannun malaman hisabi, waɗanda ke ba kowane baƙi na Larabci adadinsa, har shinun guda ya tsaya matsayin dubu. Abin da ya ba shi haushi shi ne jin cewa a kan jera lambobin wayar manoma a kwamfuta, in an sa 234 a gaba lamba ta kai gida goma sha uku, sai ta fito 2.34803E+12, mutum ɗari su zama kamar lambarsu ɗaya. Ya ce lambar waya ai suna ce, wa ke taƙaita suna da sifiri?

Shi wannan rubutu na ɗaga lamba sama, wani Bafaranshe mai suna Descartes ne ya yaɗa shi cikin littafinsa na 1637. Kalkuleta ta aljihu ta farko mai irin wannan aiki kuwa, kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da ita a 1972, shekara guda kafin naira, ana sayar da ita dala 395. Tun ita a ke da gida goma da ƙananan gidaje biyu. Da ya ke ƙananan gidajen biyu ne, iyakarsu 99, in adadi ya wuce nan ita ma sai ta ce kuskure. Kowace taga da iyakarta.

Ana koya wa yara wannan tun ƙaramar sakandare, amma malamin ya ce kowace shekara wuri biyu su ke faɗuwa. Na ɗaya, akwai tsofaffin kalkuletoci da ba su nuna alamar ×10, sai 9 da 'yar 11 kusa da ita. Yaro ya kwafa haka nan, ya ɗauka tara ce aka ninka da kanta sau goma sha ɗaya. Wannan kuwa 31,381,059,609 ne, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin da takwas na amsar gaskiya ba. Goma a ke ninkawa, tara tana zaune. Na biyu, akwai maɓallin da aka rubuta wa EXP, ko EE, wanda shi da kansa yana ɗauke da “sau goma”. Yaro bai sani ba, sai ya danna 9, ya danna ninki, ya danna 10, sa'an nan ya danna EXP da 11. Ya sa goma sau biyu ke nan, amsa ta fito 9 × 10¹². Dattijo ya ce, “To, wannan shi ne ya ƙara sifiri, ba ni ba.”

Saura ɗaya gefen, na ƙananan abubuwa, wanda ya fi shafar manomi. A ce gona ce mai gindin masara 50,000, an tanadar mata taki buhu takwas, kilo 400, ana so a san rabon kowane gindi. Malamin ya buga 400 a raba 50,000, ta nuna 8 × 10⁻³. Ga 'yar alamar ɗebewa gaban 3, siririya kamar gashin ido. Ita ce ke cewa ɗigo hagu zai tafi: gida uku baya, 0.008 na kilo, watau giram takwas, abin da bai cika tafin hannun yaro ba. Wanda ya ga 8 ya ce kilo takwas, buhu guda gindi shida zai ci, ya ƙone su kuma. Kalkuletocin Casio na 'yan makaranta suna da saiti biyu a nan: a Norm 1, duk abin da ya gaza 0.01 sai su nuna shi da ƙaramar lamba, a Norm 2 kuwa su rubuta 0.008 sosai. Yawancin yaran da ke kawo ƙarar kalkuletarsu ta haukace, wannan ne kawai ciwonta.

Nan dattijo ya gane cewa duk tagar nan ba abin da ya kai ƙaramar lambar muhimmanci, ga ta kuwa ita ce ba a gani sosai. Masarar Alhaji gida takwas, ruwan Chalawa goma sha ɗaya, kasafin ƙasa goma sha uku. Tsakanin takwas da goma sha uku a ido biyar ne, a aljihu kuwa ninki dubu ɗari ne. Ya ce da shi ne maƙerin abin, da ita zai yi wa babban gida, ya kuma shafa mata ja.

Rana ta yi ƙasa, masunta suna ta fitowa da jiragensu, sai ya yi tambayar da ta nuna aikin da ya yi a rayuwarsa. Ya ce, “Adadi mai gida goma sha huɗu, taga mai gida goma. In sauran huɗun ba sifiri ba ne fa? Ina su ke?”

Malamin makaranta ya ce ba ta nuna su. Tana riƙe da 'yan kaɗan a cikinta, sauran kuwa ta zubar. Ya kawo masa labarin da Ibn Khallikan, malamin tarihi wanda ya rasu a 1282, ya rubuta, na mai hikimar nan na ƙasar Hindu da ya ƙago shaɗaranji, wani irin dara mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi ladansa, ya ce ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji suka zauna lissafi aka ga duk rumbunan ƙasar ba su isa ba. Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. In ka tambayi kalkuleta sai ta ce 1.844674407 × 10¹⁹. Gida ashirin ne, ta nuna goma ta ɓoye goma, kuma a cikin abin da ta ɓoye akwai ƙwaya sama da biliyan uku.

Wannan bai gamshi Malamin Haraji ba, kuma yana da hujja. Mai auna ruwan tafki ba ruwansa da duro goma ko ɗari, don shi kansa awon bai kai nan ba, iska da rana ma suna ɗiban fiye da haka kafin ya rufe littafi. A wurinsa kai da gida sun isa, ƙarin lambobi ma ƙarya ce. Amma kuɗin amana ba ruwa ba ne. Gidaje huɗun da ke ɓoye bayan tiriliyan, dubban naira ne, kuma kowace naira da mai ita. Mutumin da aka taɓa cire wa kwabo daga albashi ba ya yarda da jimlar da aka yanke wa wutsiya. Ya ce zai amince da ita ta gaya masa girman abu, ko tudu ne ko dutse, amma ranar rabon gado sai ya ga kowace lamba da idonsa har gidan ƙarshe. Ɗan ƙanwarsa bai yi musu ba, ya ce ko a banki haka a ke yi.

Ya kwana Karaye, da safe ya koma Rogo. Ya kira jikan nan nasa, ya miƙa masa kalkuleta ya ce ya sake buga lissafin ranar nan. Da 1.2480000 ta fito, ya ba shi alƙalami ya sa shi ya ja ɗigo gida takwas, yana ƙirgawa da ƙarfi, har ya kai inda takarda ta kai. Yaro ya ce, “Tsoho, ai an koya mana irin wannan a aji biyu.” Ya ce, “Na sani. Ranar nan ina ka ajiye shi?”

Bayan wata guda wakilin Alhaji ya dawo ɗaukar kaya na biyu, wannan karo dawa ce. Ya zo da sabuwar kalkuleta babba, ya ajiye a tabarma yana murmushi. Malam ya ce a miƙo masa. Ya sa tabarau, ya danna tara har ta ƙi karɓa, ya ƙirga gidaje ya sami goma sha biyu, ya mayar masa. Sa'an nan ya jawo takarda, ya tuɓe sifiri ya ajiye gefe, ya ninka, ya mayar da su, ya rubuta jimla. Ya kife takardar a kan gwiwarsa, ya dubi wakili ya ce, “To, ɗana, danna.”